Yadda Za Ka Ci Ɗanwakenka A Gaban 'Yan Aji Uku Ranar Da Ruwa Ya Hana Fita Tara

Ya kai malamin firamare, ɗan'uwana a shaƙar alli, gyara zama ka buɗe kunne. In dai ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, ba gardama, na ɗaukar maka alƙawarin abu uku: ba yaron da zai jiƙe, ba ihun da zai dami ofis, kuma za ka ci abincinka kai kaɗai har ka suɗe murfi. Wannan ba jita-jita ba ce. An jarraba.

Wanda aka jarraba a kansa sunansa Malam Salisu, malamin aji uku a wata makarantar kuɗi da ke maƙale a wani lungu tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni. Dogo ne siriri mai sanyin murya, irin mutanen da ko akuya za su kora sai sun haɗa ta da Allah. Yara hamsin da bakwai ne a hannunsa. Watansa uku yana aikin gwaji, kuma mai makarantar, Hajiya Hauwa'u, ta ce ranar Juma'a za ta sanar da shi ko an ɗauke shi ko ya nemi wani wurin. Shi kuwa ba shi da wani wurin. Shekara biyu ya yi yana yawo da takardunsa a leda kafin ya samu wannan, ga matarsa Ummukulsum da tsohon ciki.

Abin ya faru ranar Laraba, cikin watan Yuli. Ka riƙe sunan mutumin nan, shi ne misalinmu a kowane mataki.

Mataki na 1: Ka san abin da ake shirin ƙwace maka

Ranar da gari yake lafiya, ƙarfe goma ake kaɗa ƙararrawar tara. Kar ka tambaye ni abin da ya sa ake ce mata tara, ba shi ya tara mu ba. Yara su ɓarke waje kamar an ɓalle famfo, kai kuma ka saura a aji, daga kai sai kularka, minti talatin cur. Wannan minti talatin ɗin shi ne ainihin aikin koyarwa. Sauran duk jira ne.

Ranar ruwa kuwa za a kaɗa ƙararrawar, amma ba inda za su je. Juyowa za su yi su zuba maka ido.

Malam Salisu ya baro Unguwa Uku ko karyawa bai yi ba, saboda tsoron makara. A bakin ƙofa Ummukulsum ta miƙo masa kula: ɗanwake ne da mai da yaji, da yankakken tumatir da kabeji, ga dafaffen ƙwai guda a sama kamar hula. Tun darasin lissafi rabin hankalinsa yana cikin kular nan. Saura minti goma a fita tara hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta fara marin tagogi. Sai ga Hajiya Hauwa'u a bakin aji, lema a hannu.

"Malam Salisu, yau ba fita tara. Abu uku nake so ka riƙe. Yaro ya jiƙe uwarsa ta kira ni, to. Ihu ya iso ofis alhali ina da baƙuwa, to. Ka taɓa ɗan wani da bulala, to."

"To, Hajiya."

Kowane "to" nata Juma'a yake nufi. Tana juya baya ruwa ya kece.

Mataki na 2: Ɓoye kular, sannan ka ƙaryata hancin kowa

Kar ka sa ta a durowar tebur, nan ido yake fara zuwa. Kar ka sa ta a ƙarƙashin kujera, akwai masu yar da fensir da gangan. Malam Salisu ya tura tasa can ƙasan kabad, ya danne ta da littattafan rubutu hamsin da bakwai, ya shimfiɗa taswirar Najeriya a kai.

Ka bari su ci nasu tukuna. Masu 'yan akwatunan abinci za su gama cikin minti huɗu, har da faɗa a kan cokali. Matsalar sauran ne. A ajin akwai wajen yara ashirin da ba a haɗo su da komai daga gida, awara suke saya a bakin get wajen wata tsohuwa in an fita tara. Yau tsohuwar ta kwashe kaskonta tun ɗigon farko. Yaran suka ɗora hannu a kan benci suna bin bakin masu ci da kallo.

Kar ka dubi waɗannan. Ƙwararren malami allo yake kallo.

Anas, wani yaro mai faffaɗan hanci da ke zama a layin ƙarshe, ɗan mai shago a Darmanawa, ya ɗaga kai sama ya shaƙi iska.

"Malam, wani ya zo da ɗanwake."

"Da ƙwai," in ji A'isha, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ƙanshin ƙasa ne," in ji Malam Salisu. "Haka ƙasa take yi in ruwa ya sauka."

"Har da yaji, Malam?"

"Ƙasar Kano ce."

Ka lura da yadda bai yi inda-inda ba. Yaro yana yafe ƙarya, abin da ba ya yafewa shi ne jinkiri.

Mataki na 3: Kafa gasar shiru

Ka sanar da kakkausar murya cewa duk wanda ya fi kowa daɗewa bai yi magana ba yana da kyauta. Kar ka faɗi kyautar, kai ma ba ka san ta ba. Shirin shi ne kowa ya kifa kai a benci ya rufe ido, kai kuma ka lallaɓa wajen kabad.

Malam Salisu ya ɗora monita a kan rubuta sunayen masu surutu. Monitar ajin ita ce Mmesoma, 'yar shekara takwas, 'yar wata nas a asibitin koyarwa, haifaffiyar Tarauni wadda Hausarta ta fi ta malamin kaifi. Yarinya ce da ba ta haɗa aiki da wasa, ko da aikin wasa ne.

Gasar ta yi daƙiƙa arba'in. Malam ya kai hannu kan taswira ke nan aka saki wata tsawa da ta girgiza kwanon rufi. Aji ya kaure, masu salati na yi, masu kiran Mama na yi, wasu sun shige ƙarƙashin benci da jakunkunansu. Malam Salisu ya tuna ofis, ya tattaro duk muryar da Allah ya ba shi ya ce, "Shiruuu!"

Da abin ya lafa Mmesoma ta kawo takarda. Suna hamsin da takwas ne: yara hamsin da shida, da ita kanta, da Malam.

"Har da ni?"

"Kai ka fi kowa ƙara, Malam."

Ya duba ya ga gaskiya ne, ya sa hannu.

Abin lura: tun da ake gasar shiru ba a taɓa samun wanda ya ci ba, shi ya sa ba a taɓa buƙatar kyautar ba. Nan hikimarta take.

Mataki na 4: In ɗaya ya ce fitsari, ka shirya wa runduna

Ƙarar ruwa a kan kwano kai tsaye take magana da marar yaro. Ba ka da ikon shiga tsakaninsu.

Sadiq ne ya fara, ɗan ƙaramin yaro da ke layin gaba, mai magana ciki-ciki. Ya ɗaga yatsa. Kafin ya sauke, yatsun maza ashirin da shida sun tashi. Matan suka kalle su suka taɓe baki. Banɗakin yana can ƙarshen tsakar makaranta, tsakar makarantar kuwa ta zama tafki, har wani warin silifa yana yawonsa a kai ba mai shi. Lema ɗaya ce a ajin, ta Malam, ita ma haƙarƙarinta biyu sun karye.

Tuna dokar da kyau: yaro ne ba a so ya jiƙe. Ba a ce komai a kan malami ba.

Malam Salisu ya cire takalmi, ya naɗe wando. Ya ɗora yaro ɗaya a kafaɗa, ya saƙale ɗaya a hammata, ya ba na saman lema ya riƙe. Haka ya yi ta jigila bibbiyu, sawu goma sha huɗu, kamar mai fito da ya manta kwale-kwalensa a gida. Tara daga cikinsu sai da aka kai su ƙofar banɗakin suka ce fitsarin ya koma.

"Ya koma ina?"

"Ya koma kawai, Malam."

Lokacin tara ya wuce tuni, amma mai kaɗa ƙararrawa ya fake a wani aji, kuma a dokar makarantar tara ba ta ƙarewa sai an kaɗa. Malam ya dawo ruwa na tsiyaya daga haɓarsa, ba yaro ko ɗaya da ɗigo ya taɓa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai atishawa. Sai ta biyu. Ta ukun ta ture alli daga kan tebur.

Mataki na 5: Bar su su zaɓi wasa, amma ka tabbata kai ne babba

Mmesoma ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam ba shi da lafiya. Mu yi wasan asibiti."

Ka sani, a wannan yankin rabin 'yan ajinka iyayensu a asibiti suke aiki, ragowar kuma iyayensu suna sayar wa ma'aikatan asibiti wani abu. Yaro bai san bakwai sau takwas ba, amma ya san bambancin allurar jijiya da ta ɗuwawu.

Malam Salisu ya yi lissafinsa cikin sauri. Asibiti wurin shiru ne. Kuma a ganinsa kowane asibiti yana da babban likitan da ba a cika gani ba, yana ofis an turo ƙofa. To, shi zai zama wannan, ofishinsa kuma bayan kabad. Ya ce, "Na yarda."

Aka shiga rabon muƙamai. Talatin da ɗaya suka ce su likitoci ne. Sha tara suka zama nas. Mmesoma ta naɗa kanta babbar nas, ba wanda ya ja. A'isha ta kama ɗakin magani. Biyu suka yagi takarda suka fara yankan kati. Anas ya ɗauki tsintsiya ya tsaya a ƙofa a matsayin mai gadi. Sadiq ya zama direban motar asibiti, yana zagaya benci yana jiniya a hankali saboda dokar ihu. Wani yaro Jamilu ya koma lungu ya harɗe hannu a ƙirji.

"Kai fa, Jamilu?"

"Ni ma likita ne, Malam. Amma ina yajin aiki."

Sai aka duba aka ga asibiti ya cika, majinyaci ne babu. Ido ɗari da sha huɗu suka juyo wuri ɗaya.

"Ni ne babban likita," in ji Malam Salisu, ya ƙara atishawa.

"Babban likita ma yana rashin lafiya, Malam," in ji Mmesoma. "Kwanta."

Mataki na 6: Kwanta

In an ce ka kwanta, ka kwanta. Gardama tana jawo ihu, ihu yana kaiwa ofis, ofis yana kaiwa Juma'a.

Aka haɗa benci biyu, ƙafarsa ta zarce, aka ƙara kujera. Aka cusa masa rula a hammata, aka zare aka duba, aka ce zafin jikinsa santimita talatin ne, abin ya yi tsanani. Wani ya ɗora masa murfin gora a ƙirji yana saurare ta igiyar takalmi. Mmesoma ta tsaya a kansa da takarda da biro.

"Suna?"

"Ke, kin san sunana mana."

"Suna?"

"Salisu."

"Ka ci wani abu yau?"

Nan zuciyarsa ta yi fari. Ya ce a ransa ga ƙofa Allah ya buɗe. Ya langaɓar da kai, ya ƙara sanyaya murya. "Ko ruwa ban sa a bakina ba tun jiya. Ina ga da zan ɗan samu wani abu in taɓa…"

"Madalla. Ke nan za a iya yi maka aiki."

Ta hau kujera ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: BA CI, BA SHA.

Likitocin suka rabu gida uku a kan abin da yake damunsa. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce taifot. Yusuf, wanda mahaifiyarsa ungozoma ce, ya dafa cikin Malam da ke ta ƙugi, ya ce naƙuda ce, a kawo ruwan zafi.

"Kai Yusuf, ni namiji ne."

"Ai na ji yana motsi, Malam."

Aka sasanta a kan cewa duka ukun ne, da ƙarin karaya a ka. Karayar aka ɗaure da safa da bel da salatif ɗin da ake manna hotuna a bango. Aka rataye gorar ruwan wani a ƙusa, aka jona ta da hannunsa da zare, sannan aka manne hannayen biyu da benci don kar ya cire ƙarin ruwan. Mmesoma ta sa aka juya shi a gefen hagu. Ya fara rawar ɗari, sai wata nas ta ruga kabad ta yayo taswirar Najeriya aka lulluɓe shi, Sakkwato a kafaɗa, Kalaba a gwiwa.

Sai kuma abin al'ajabi ya faru. Ajin da wata uku bai taɓa rufe baki ba ya yi tsit. Ana tafiya da sanɗa, ana magana da raɗa. Duk wanda ya yi tari sai an harare shi. Ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano da jiniyar Sadiq can ƙasa-ƙasa. Ga gajiya, ga yunwa, ga lulluɓi. Barci ya yi awon gaba da Malam Salisu.

Mataki na 7: In ka farka ka ga ana raba magani, kar ka tambayi wane iri ne

Ɗauke taswirar nan shi ya tona asiri. A'isha mai ɗakin magani tana neman abin da za ta jera a kanta, ta ɗaga littattafai ta ci karo da kula.

Ƙanshi ne ya tashe shi. Ya buɗe ido ya ga layi tun daga kabad har bakin allo. Duk likitocin da nas-nas ɗin sun kamu da ciwo a lokaci ɗaya. A'isha tana zaune da cokali tana cewa, "Ƙwaya ɗaya, a tauna sosai. Na gaba." Mmesoma ce take tsara layin. 'Yan awara da ba su ci komai ba ta sa su a gaba, ta ce nasu ciwon ya fi tsanani, ƙwaya bibbiyu.

Malam Salisu ya yunƙura, salatif ya riƙe. Ya buɗe baki, ya tuna ofis. Yana cikin neman yadda ake ihu a hankali sai idonsa ya faɗa kan Sadiq. Yaron ya ajiye motarsa, ya karɓi nasa biyu, ya cinye ɗaya, ya tsaya yana lasar yajin ɗayan kaɗan-kaɗan ido a rufe, ba ya so ya ƙare. Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da bakinsa ya rufe, ya lumshe ido, ya ci gaba da jinya.

Ƙwan kuwa Jamilu aka kai wa a lungu bayan doguwar tattaunawa. Nan take ya janye yajin aiki.

Masu gajeren tunani za su ce a nan shiri ya rushe. Ba haka ba ne. Kula ta fito daga maɓoya ba tare da ka wahala ba, an kuma buɗe ta. Wannan ci gaba ne.

Mataki na 8: Ka sani shiru ma yana kaiwa ofis

Hajiya Hauwa'u tana ofis da baƙuwarta, Madam Olufunke, tsohuwar babbar nas da ta shekara talatin tana aiki a Kano. Makaranta take nemar wa jikokinta tagwaye, ruwa ya tsare ta. Hajiya ta saba jin aji uku kamar tashar mota. Da ta ji minti ashirin ba motsi sai ta ce ko rufi ne ya rufta ko sun gudu. Ta ɗauki lema, baƙuwar ta ce ba za a bar ta ita kaɗai ba.

Anas ya gitta musu tsintsiya a ƙofa.

"Ba lokacin dubiya ba ne. Sai ƙarfe huɗu."

"Kai Anas, ni ce fa!"

"Kowa haka yake cewa, Hajiya. Ina kati?"

Ta ture tsintsiyar ta shiga. Ga malaminta a miƙe a kan benci, safa a ka, Najeriya a jiki, ga maiƙo a bakin kowane yaro.

"Malam Salisu! Barci? A aji? A gaban baƙuwa?"

"Hajiya, ranki ya daɗe, ba wanda ya jiƙe…"

"Ba sai Juma'a ba. Na sallame ka. Yau, yanzu."

Maganar ta sauka masa har tafin ƙafa. Ya hango kansa yana shiga gida da rana tsaka, Ummukulsum tana dafe da baya tana tambayarsa ko lafiya. Ya so ya tashi ya durƙusa ya roƙa, ba hali, a manne yake.

Mmesoma ta matso, takarda a ƙirji.

"Hajiya, yi haƙuri. Ba a sallame shi ba."

"Me kika ce?"

"Likita ne yake sallamar majinyaci. Ke dubiya kika zo." Ta juya wajen aji. "Likitoci, a sallame shi?"

Murya talatin da biyu, har da ta Jamilu da ya dawo bakin aiki, suka ce, "A'a!" Wannan ihun ya kai ofis, amma ba kowa a ofis.

"Bai warke ba," in ji wani.

"Bai ma haihu ba," in ji Yusuf.

Suka kewaye bencin, ba masakar tsinke. Sadiq kuwa babban yatsan ƙafar Malam ya kama da hannu biyu ya ƙi saki.

Madam Olufunke ta ajiye jaka, ta karɓi takardar Mmesoma, ta sa tabarau ta karanta har ƙasa. Ta kama wuyan hannun Malam tana duban agogo. Ta ja fatar idonsa ta leƙa.

"Wannan bawan Allah yunwa ce take damunsa, da sanyi. Wa ya ce a kwantar da shi a gefe?"

"Ni ce, Ma. Don kar ya shaƙe in ya yi amai."

"Wa ya jiƙa shi haka?"

"Fitsari ya kai mu a kafaɗa," in ji Anas daga ƙofa. "Sawu sha huɗu. Ni ma na je, amma nawa ya koma."

Madam ta bi yaran da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa a bushe ƙarau. Ta dubi malamin, har yanzu ruwa na ɗiga daga wandonsa. Ta cire tabarau.

"Hajiya, makaranta huɗu na zaga a satin nan. Duk inda na je sai a nuna mini kwamfuta a lulluɓe da leda. Jikokina nan za su zo. Wannan ajin, wajen wannan malamin."

Hajiya Hauwa'u ta gyara mayafi. Sannan murmushi ya cika mata fuska.

"Ai sabon tsari ne da na kawo, Madam. Koyo a aikace. Yau muka fara gwadawa." Ta ɗan sunkuya wajen bencin. "Sannu, Malam Salisu. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Hajiya."

Mataki na 9: Karɓi nasararka da hannu biyu, in an kwance su

Ranar Juma'a aka miƙa masa takarda, an ɗauke shi. Ranar Litinin aka manna sanarwa a kowane aji: duk ranar da ruwa ya hana fita tara, Asibitin Aji Uku zai buɗe. 'Yan aji huɗu da biyar suka fara turo nasu likitocin neman ƙwarewa. Majinyacin dai ɗaya ne.

Kafin damina ta ɗauke an cire masa haƙori sau tara, ƙoda sau uku, ya haihu sau biyu, na biyun tagwaye. Kowane aiki kuma ka san sharaɗinsa, yana nan a allo, Hajiya ta hana a goge. Ummukulsum da ta ga kula tana dawowa tas kamar an wanke, sai ta sayi babba mai hawa biyu ta ƙara ƙwai, ta ce ashe aikin koyarwa yana buɗe ciki. Bai gyara mata ba.

Yanzu in hadari ya haɗo, sauran malamai tagogi suke rufewa. Shi takalmi yake cirewa, ya haɗa bencin da kansa.

Gargaɗi

Za ka ce an yi maka alƙawarin za ka ci abincinka. An yi, amma ba a faɗi rana ba. Mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, ko mura, ko gashin hannu da salatif ya tafi da shi, ko haihuwa. Kar a zo gidana, kar a kira ni, kar a aiko mini da iyayen yara. In ruwa ya sauka ba ni na saukar ba.

Mai ƙorafi ya je ya samu Malam Salisu da kansa, don har yau ba a sallame shi ba. Mmesoma ta wuce aji huɗu da takardunsa, ta ce sai sakamakon gwajin jini ya fito, jinin kuwa jan biro ne, biron ya ƙare. Yana nan a aji uku, gado na ɗaya. A je ƙarfe huɗu, a je da kati, kuma don Allah kar a riƙa masa abinci. Gobe za a yi masa aiki.